Amsa: rassan ƙungiyar masu lambu da suka yi sanyi

Malam, ka ce rassan ƙungiyarku ta masu lambu sun yi sanyi, ba a zuwa taro, kuɗin wata ma sai an bi mutum har gida. Shawarata, ku bar wa kowane reshe kaso mafi tsoka na abin da ya tara, uwar ƙungiya kuma ta tsaya kan abin da ya fi ƙarfin reshe ɗaya: sayo irin tumatir da albasa da taki a sari tun damina ba ta ɗauke ba, kawo malamin gona ya zagaya fadamu, da turo farashin kasuwar Kwanar Gafan ta Kano da na kasuwar Mile 12 ta Legas ta WhatsApp kowace safiya. Wanda ya san yadda kwando ya kwana a Legas, dillali ba zai yi masa wayo a bakin gona ba, kuma shi da kansa zai kawo kuɗin wata.

Sai dai fa da sharaɗi: komai a rubuce, a kuma karanta lissafi a gaban kowa. A reshenmu mun taɓa yin karo-karo muka sayi injin ban-ruwa, ba mu tsara layin ɗauka ba. Kullum sai ka same shi a lambun ƙanin shugaba, ranar da ya lalace kuwa kowa ya naɗe hannu. Daga baya muka raba, ma'aji daban, mai riƙe inji daban, duk wanda ya ɗauka ya sa hannu a littafi, ya zuba mansa, ya ajiye ɗan kuɗin gyara. Kafin a gama cirar tumatir, waɗanda suka yi fushi sun dawo.