Ruwa Na Tsatsowa A Bayan Dam Ɗina

Tambaya: Ina da ƙaramin dam na ƙasa a gonata, inda iyali ke shan iska da kamun kifi. Ruwa ya fara tsatsowa a gindin bangon ta baya. Akwai hatsari?

Amsa: Malam, ɗebi ruwan a kwalba ka duba. In garau yake, sa ido kawai. In da laka, cikin bangon yake ci. Rage ruwan dam ɗin sannu a hankali, don gaggawa kan zabtar da gaban bango, sannan ka kira injiniya. Galibi abin da ke jawo tsatsowar saiwar bishiya ce, ko ramin gafiya, ko kuma ba a daddaɓe yumɓu shimfiɗa-shimfiɗa ba, kowace mai kaurin kimanin santimita 15, lokacin gina bangon. Kada ka toshe wurin da siminti, ruwan zai nemi wata kafa. Zuba yashi, ka ɗora tsakuwa a kai.