Me ya sa iyakwandishan ɗina yake tsiyayar da ruwa a ɗaki?

Tambaya: Malam, tun shigowar damina iyakwandishan ɗina ke ɗigar da ruwa a bango, har ya jiƙa min katifa. Ya lalace ne? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, galibi toshewa ce kawai. Danshin ɗaki ne yake zama ruwa, ya taru a ɗan faranti, ya bi tiyo zuwa waje. Ƙurar hunturu da ta kwanta ciki, da ta sha ruwa sai ta zama laka.

Kashe wutar tukuna, ki leƙa bakin tiyon ta waje. Nawa na gida zanzaro ne ya yi gini a ciki, da tsinken tsintsiya na fasa, ruwa ya ɓalle min har gwiwar hannu. Kada bakin ya nutse cikin bokiti, kuma tiyon ya gangara, kar ya lanƙwashe. Sai ki zuba ruwan ɗumi kofi 1 a farantin, ki ga ko ya fita.

Ragar gaban iyakwandishan ɗin kuwa, mai tace ƙura, ki riƙa wanke ta duk mako 2. In kin ga ƙanƙara a cikin iyakwandishan ɗin, wannan kam kira mai gyara, wataƙila gas ne ya ragu.