Shin za a iya sa gajimare ya zubar da ruwa a Kebbi?

Tambaya: Wani manomin shinkafa daga Argungu ya rubuto yana cewa: "Na ji wasu ƙasashe suna watsa magani cikin gajimare don ruwa ya sauka. Me zai hana a yi mana haka idan damina ta makara, kuma shin babu cutarwa a ciki?"

Amsa: Malam, ana yin wannan aiki, amma dole sai hadari ya riga ya haɗu. Jirgin sama ko roka ne ke watsa garin gishiri, ko wani sinadari da ake haɗawa daga azurfa da aidin, a cikin gajimaren da ke ɗauke da danshi, domin ƙananan ɗigogin da ke cikinsa su taru su yi nauyi su faɗo. Wani masanin kimiyya, Vincent Schaefer, ne ya fara gwada dabarar a Amurka a 1946, kuma maƙwabtanmu ma sun shiga: Burkina Faso tun 1998, Nijar kuwa a 2022. Sai dai lokacin da manomi ya fi buƙatar ruwa, wato sa'ad da sama ta washe shuka tana yaushi, a lokacin ne babu gajimaren da za a yi wa aiki. Har yau masana suna shan wahalar tantance yawan ruwan da dabarar ke ƙarawa, shi ya sa Isra'ila ta dakatar da shirinta a 2021 bayan shekaru masu yawa tana gwaji.

Batun guba ba shi ne ya fi damuna ba, domin sinadarin da ake watsawa kaɗan ne, ko da yake ya kamata a riƙa auna shi a ƙasa da kogi. Abin da nake tsoro shi ne babu mai iya tsayar da hadari kan gonar da aka nufa. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta shanye shinkafar fadamun Kebbi ya san illar ruwan da ya wuce ƙima a watan Agusta ko Satumba. Sannan idan ruwa ya sauka a nan, maƙwabta suka shiga fari, za a ce an sace musu hadari, kuma da wuya a gamsar da su.

A ganina, kuɗin hayar jirgi da na'urar hango hadari sun fi amfani idan aka zuba su wajen gyaran magudanan noman rani, irin na madatsar Bakolori da ke Zamfara, da kuma isar da hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ga manoma da Hausa kafin su yi shuka.