Jitar ƙwarya da katakon maɗaci: amsoshin masu saye da masu ƙerawa

Tambaya: Malam, wani masassaƙi a Sabon Gari ya nuna mini jitar da ya ƙera da hannunsa. Bayanta babbar ƙwarya ce, fuskarta katako, kuma maimakon ramin sauti ya kasance a tsakiya, sai ya kai shi can gefe kusa da wuya. Ya ce in ba shi jaka 45, alhali da ƙarin kuɗi kaɗan zan samu ta kamfani irin waɗanda ake shigowa da su daga Kano. Wacce zan saya? Daga wani ɗalibi a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Ƙanena, kada ƙwaryar ta ba ka tsoro, domin ba a bayan jita sauti yake haihuwa ba. A shekarar 1862 Antonio de Torres, maƙerin ƙasar Sifen wanda daga gare shi siffar jitar zamani ta samo asali, ya yi wata jita da bayanta da gefunanta duk na takarda ne da aka manna ta yi tauri, don ya nuna cewa allon fuska ne ke ɗaukar rawar tsirkiya ya mayar da ita murya, kuma har yau jitar tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na Basalona. A 1966 kuma kamfanin Ovation na Amurka, wanda Charles Kaman mai ƙera jirage masu saukar ungulu ya kafa, ya fito da jita mai zagayayyen baya kamar akushi, mawaƙa suka karɓe ta hannu bibbiyu. Masassaƙin naka bai yi abin da hankali zai ƙi ba, balle ma a ƙasar da gurmi da goge suka daɗe suna magana daga cikin ƙwarya. Ramin da ya kai gefe shi ma ba aibi ba ne, hasali ma yana barin tsakiyar allon a cike, wurin da ya fi buƙatar ƙarfi.

Abin da ya kamata ka bincika shi ne nauyin da aka ɗora wa ƙwaryar. Wayoyin ƙarfe shida idan aka ɗaure su daidai suna ja da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko fiye, dare da rana, ko ana kaɗawa ko ba a kaɗawa, kuma wannan ya yi nesa da abin da tsirkiya biyu ko uku ta gurmi ke yi. Masu yin gurmi sun daɗe da gane dabarar, shi ya sa sandar wuyan take ratsa cikin ƙwaryar, ita ke ɗaukar jan, ƙwarya kuwa aikinta amsa sauti kawai. Ka leƙa ta ramin da fitilar wayarka. Idan ka ga katakon wuya ya zarce har ƙarshen ciki, to mutumin ya san aikinsa. Idan kuwa a bakin ƙwarya kawai ya manna shi da gam, ka riƙe kuɗinka, domin watanni kaɗan wuyan zai fara sunkuyowa, daga nan sai tsagewa.

Bayan haka ka ɗauki tsinken ashana ka zura shi tsakanin waya mafi kauri da gaɓa ta 12, wato ƙarfe na goma sha biyu cikin waɗanda ke kwance a kan wuya. Tsinke ɗaya ya kamata ya shige da ɗan sarari kaɗan. Idan biyu a ɗore suka shige a sake, yatsunka za su sha wuya kafin ka koyi komai. Sannan ka kaɗa kowace waya a sake, ka danne ta a wannan gaɓar ka sake kaɗawa: murya ɗaya za ka ji, sai dai ta biyun ta fi siranta. In sun saɓa, an yi kuskure a awo, kuma murɗa makulli ba ya gyara wannan.

Tambaya ta ƙarshe da za ka yi masa ita ce watan da ya haɗa ta. Kamfanoni suna ƙera jita a ɗakunan da laimar iska take wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa a nan idan hunturu ya kankama takan faɗi ƙasa da kashi 20, lokacin da leɓe ke tsagewa, ƙofar katako ta saki. Jitar da aka manna a Agusta, katakonta cike da laimar damina, ita ce ke fashewa a Janairu, amma wadda aka haɗa da rani, idan damina ta zo ɗan kumburi kawai take yi ta koma. A nan aikin gida yana iya fin na kamfani. Gaskiya kuma ita ce, jitocin kamfani masu araha da aka yi da katakon falle-falle sun fi jure bushewa fiye da masu tsada na allo guda, ko da yake muryarsu ba ta kai ba. Ka sani kuma ƙwarya ba ta da faɗin ciki kamar akwatin jita, don haka sautin ƙasa mai kauri zai yi ƙaranci. Ni dai idan ta ci waɗannan gwaje-gwaje, zan ɗauki ta masassaƙin, musamman da yake in ta samu matsala kabu-kabu ɗaya ne tsakaninka da wanda ya yi ta.

Tambaya: Ni kafinta ne a Tibiri, na shekara 12 ina yin gadaje da kujeru. Ina so in ƙera jita ta farko da maɗaci, in gajarta wuyan, in kuma jera ƙarafan wuyan a karkace kamar yadda na gani a wani hoto. Me zan saya, me zan iya yi da kaina?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Maɗaci zaɓi ne mai kyau ga wuya da baya da gefuna, domin danginsa na kurmin Afirka ta Yamma su ne kamfanoni da yawa ke amfani da su a madadin mahogani. Sharaɗin shi ne ya bushe sarai, kuma tsohon ƙyaure ko ƙafar gadon da ta shekara 20 a ɗaki ta fi sabon allon da aka tsaga bana, ga shi kuma ba ruwanka da ma'aikatan gandun daji. A 1995 Bob Taylor na Amurka ya ƙera jita da katakon da ake ɗora kaya a kansa a ɗakin ajiya, don ya nuna cewa gwanintar hannu ta fi sunan itace. Sai dai fuska tana son katako marar nauyi mai miƙaƙƙen zare, a fere shi ya koma kamar milimita 3, a tallafe shi ta ciki da siraran sanduna. Farin katakon akwatunan da ake shigo da kaya a ciki, in ka dace da wanda ba shi da ƙulli, ya fi maɗaci dacewa da wannan wurin. Ƙirya kuwa, wadda ake sassaƙa turmi da ita, ka ajiye ta domin jaki, wato ɗan katakon da wayoyi ke hawa a kan fuskar jita, da allon da yatsu ke taɓawa.

Gajarta wuya halal ne, muddin ka sake lissafi daga farko. Tsawon waya daga kan wuya zuwa jaki a jitar Sifen milimita 650 ne, na kamfanin Fender 648, na kamfanin Gibson wajen 628, kuma kowanne da tazarar gaɓoɓinsa. Ƙa'idar ita ce ka raba tsawon da 17.817, abin da ya fito shi ne nisan gaɓa ta farko, ka cire shi, ka sake raba ragowar, haka har ƙarshe. A tsawon 650 gaɓa ta farko tana faɗawa a milimita 36.5, ta 12 kuma daidai rabi, wato 325, sannan a ja jaki baya da milimita 2 ko 3 saboda miƙewar waya idan an danne ta. Kuskuren milimita ɗaya da ba wanda zai gani a jikin gado, a wuyan jita kunne yana kama shi nan take.

Gaɓoɓin karkace da ka gani ba ado ba ne. Ana yin su ne don wayoyi masu kauri su fi sirara tsawo, kuma wani mai ƙera jita, Ralph Novak, ya yi musu rajistar mallaka a 1989, ko da yake akwai irinsu a wasu kayan kiɗan Turai tun ƙarni na 16. Lissafi biyu suke buƙata, ɗaya a kowane gefen wuya, don haka ka bar su sai jita ta uku. Makullan ɗaure waya, da ƙarfen gaɓoɓi, da sandar ƙarfen da ake binnewa cikin wuya don hana shi lanƙwasa, waɗannan ka saye su, ko ka ciro daga mataccen jita, wanda sau da yawa ya fi araha. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan jihar Tawa da duniya ta san shi yanzu, da wayar birkin keke ya yi jitarsa ta farko, amma rashi ne ya sa, kuma kai da Katsina take kusa ba ka da wannan uzuri.

Tambaya: Na saya wa ɗana jita mai tsirkiyar roba, yanzu yana so a sa mata wayoyin ƙarfe don ta fi ƙara. In yarda? Daga wata uwa a Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Hajiya, kada ki yarda. Jan tsirkiyar roba wajen kilo 40 ne, na ƙarfe kuwa ya kusa ninka shi, kuma irin wannan jitar yawanci ba ta da ƙarfe a cikin wuya, sandunan cikinta ma sirara ne. Jaki zai ɓalle ko fuska ta kumbura. Ki sa ya sauya tsofaffin tsirkiyoyin da sababbi na roba, zai ji ƙarar ta dawo, kuma ya daina jingine ta a ɗakin kwano da rana tsaka a watan Afrilu, domin zafi yana sassauta gam.