Icce tun yana ɗanye ko gemu ba ya hana ilimi, wanne ne gaskiya?

Wani bawan Allah daga Funtuwa ya turo min cewa shekararsa 34 bai iya hawa keke ba, sai bana ya fara koyo da daddare a bayan layinsu don kar yara su gan shi, da abokansa suka gano sai ɗaya ya ce masa ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗayan kuma ya ce a'a gemu ba ya hana ilimi. Shi ne yake tambaya wai Malam ya Bahaushe zai yi magana biyu masu karo da juna?

To ɗan'uwa, ba su yi karo ba, abokin naka ne ya ɗauko karin maganar ya ajiye ta inda ba wurinta ba. Ka duba kalmar tanƙwara da kyau. Abin da ake tanƙwarawa shi ne wanda ya miƙe ya nufi wani gefe, kai kuma kana so ka juyo da shi, shi ya sa idan ya bushe sai dai ya karye. Wannan maganar hali ce da tarbiyya, yaron da aka bari ya saba da ƙarya ko raina manya. Kai kuwa me za a juyo a jikinka? Babu komai, abu ne da ba ka taɓa yi ba za ka ɗora. Shi wannan sunansa koyo, kuma da koyo akan iya. Gemun ma da aka ce ba gashin ake nufi ba, shekaru ne, masu gemun ne fa suka cika azuzuwan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 suna haɗa baƙi da wasali, wasu da jikokinsu a gida.

Abin da ke hana babba koyo dai mun san shi, wannan ɗan guntun "da kai" ne. Ƙato da kai, goɗai-goɗai da kai, tsofai-tsofai da kai. Ka lura ba a zagi mutum ba, girmansa kawai aka nuna masa, amma wallahi ta fi zagi ciwo. Ni kaina sai da na haura 40 na iya iyo. Muna yara idan muka dawo gida Inna takan kama hannunka ta karta da farce, in fatar ta yi fari fat to ka shiga kududdufi, sai bulala, ni kuma matsoraci ne sai na zama mai tsaron riguna a bakin ruwa. Ranar da na fara koya ɗan shekara 12 ne ya riƙe min ciki yana cewa Baba saki jikinka mana.

Sai wata 'yar'uwa daga Maraɗi, ita kuma ɗanta wata 15 bai fara tafiya ba, bai ma yi rarrafe ba sai jan gindi, surukarta na ta faɗin da rarrafe yaro kan tashi, tana tambaya ko nauyin ƙafa ciwo ne.

Hajiya nauyi a nan jinkiri ne kawai, kamar nauyin baki ga yaron da ya daɗe bai fara magana ba, kuma daban yake da tsamin baki, wanda shi maganar ta zo amma wasu haruffa ba sa fita daidai, daban kuma da in'ina. Ita karin maganar Inna surukar taki tana nufin komai daga ƙasa ake faro shi, ba doka ba ce ta likita. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, wanda har da yaran Ghana a ciki, ya samu yara masu lafiya suna fara tafiya da kansu daga wata 8 har wajen wata 18, kuma kusan 4 cikin 100 ba su yi rarrafe ba sam. Ki riƙe masa hannu ana tatata a tsakar gida, in ya wuce wata 18 shiru, ko kika ga ƙafafun ba ƙwari, ki kai shi asibiti a duba, ki tafi da Innar ma ta ji da kunnenta.