Ka biya kuɗin aikin da ake binnewa, ba ka leƙa ramin ba

Tambaya: Ina da gidan haya mai ɗaki 12. Na ba ɗan wana aikin tankin masai da sokawe (ramin da ruwan tankin ke shiga ƙasa ta shanye), na biya shi duka tun bai sa diga ba. Wata takwas ke nan ramin ya cika, ruwan rijiyar gidan ya fara wari, 'yan haya biyu sun tashi. Ina so in ci bashi in ƙara ɗaki shida don in mayar da asarar. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, ajiye maganar bashin nan. Ramin da ɗaki 12 suka fi ƙarfinsa za ka ɗora wa 18?

Kuskurenka guda ne: ka miƙa kuɗi duka, babu takarda, babu awo, don kawai ɗan wanka ne. Bango in ya karkace kowa zai gani. Wannan kuwa da an zuba kankare a kai, shi ke nan, sai wari ya ba ka labari.

Ka tambayi ɗan wan naka mutum nawa ya lissafa? Da yawan masu shiga bayi ake auna tanki. Gida biyu ake yi masa, na farkon ya ci kusan kashi biyu cikin uku, don dauɗa ta kwanta kafin ruwa ya wuce sokawe. Ya haƙa ramin gwaji ya cika da ruwa ya ga yadda ƙasar ke sha? Ƙasar yumɓu ba ta shan ruwa sosai. Tsakanin sokawe da rijiya a bar mita 30, an fi samun kwanciyar hankali. Tankin kirki sai ya yi shekara uku zuwa biyar ba a kira motar kwasa ba.

Na san wani da surukinsa ya yi masa rami ɗaya, ya rage rodi a murfin. Mota ta hau, ya rufta. Sau biyu ya biya kuɗin aiki guda, yau ko gaisawa ba sa yi.

A daina shan ruwan rijiyar nan yau, a kai shi gwaji. Ka nemo wanda ya san aikin, ya rubuta awo da kayan da za su shiga. Biya kashi uku: bayan haƙa, bayan gini da shafe, na ƙarshe kuma sai ka leƙa da idonka kafin a rufe. Ka riƙe kashi 10 cikin 100 har damina ta wuce. Ɗan wan naka kuwa, a zauna gaban mahaifinsa ya kawo lissafin siminti da rodin da ya saya.