Yadda maciji mai ƙararrawa yake farauta cikin duhu

Malam, ka tambayi yadda macijin nan mai ƙararrawa a wutsiya, na nahiyar Amurka, yake saran ɓera cikin duhun dare. Sirrin yana cikin ƙananan ramuka biyu da ke tsakanin idonsa da hancinsa, ɗaya a kowane gefe, kuma a cikin kowanne akwai siririyar fata mai cike da jijiyoyi wadda take jin ɗumin jikin dabba ta isar wa ƙwaƙwalwa. A ganina wannan baiwa ta fi dafinsa ban mamaki. Sau da yawa yakan sari ɓera ya sake shi, sannan ya bi warinsa da harshe har inda dafin ya kayar da shi. Kasa da kububuwa danginsa ne, amma ba su da waɗannan ramuka.